Atamfa, shadda ko rigar sanyi: me uwa za ta sa a hoton iyali na lokacin kaka?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, da maigidana da yaranmu uku: babbar shekararta tara, mai bi mata namiji shekara shida, sai na goye ɗan wata goma. Mun kama rana da mai hoto, Asabar ɗin ƙarshe ta Oktoba da yamma, a filin shaƙatawa na Van Cortlandt Park. Tunda muka zo ƙasar nan ba mu taɓa yin hoton iyali na kirki ba, kuma so nake in wanke babba in aika wa mahaifiyata. Maigida ya ce mu yi ankon farar shadda gaba ɗayanmu. Wata abokiyar aikina kuma ta ce a nan ba haka ake yi ba, in sayi rigar sanyi da takalmin but masu kalar ganyen da ke zuba. Ni kuwa raina na kan atamfa, amma tun haihuwar nan jikina bai koma ba, rabin kayan akwatina ba sa shiga ta. Ina sa mayafi. Me zan sa?"

Wa alaikumus salam, Maman yara. Allah ya raya mana su, ya kai mu ranar da rai da lafiya.

Shawara uku ce a gabanki: ta maigida, ta abokiyar aiki, da wadda zuciyarki ke ba ki. In aka tattara su, abin da kike nema shi ne kayan da za ki shiga ki ji daɗin jikinki, ki tsaya kusan awa guda a waje cikin sanyi da yaro a hannu, hoton kuma ya fito fuskarki ake fara gani. Sana'ata ɗaukar hoto ce, kuma Oktoba ne watan da na fi aiki da iyalai irin naku, don haka ta wajen abin da kyamara ke gani zan amsa miki. A taƙaice, ki sa atamfarki. Sai dai akwai atamfar da ta dace da wannan wuri da wannan haske, akwai wadda ba ta dace ba, kuma ba daga atamfar ma za ki fara zaɓe ba.

Inda shawarar abokiyar aikinki ta samo asali

Abin da ta saba gani ta faɗa miki. A Amurka iyalai da yawa suna ɗaukar hoto a wannan lokaci ne saboda katin gaisuwar da suke aika wa dangi a Disamba, ga zafin bazara ya wuce, ƙanƙara ba ta fara ba, itatuwa kuma sun yi ado kyauta. Da rana ta fara gajarta, itace sai ya daina yin sinadarin kulorofil da ke ba ganye launin kore, rawaya da ruwan goron da ke ɓoye a ƙarƙashinsa su bayyana, wasu itatuwa irin su mapul kuma su ƙara da ja. A birnin New York abin yakan kai ƙololuwa ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, to kin ga ranar da kuka kama ta yi daidai.

Daga nan aka samu launukan da kike gani a kowane shago yanzu: ruwan ɗorawa mai duhu, ruwan makuba, ruwan ƙasa, ruwan madara. Ga macen da fatarta fara ce, gashinta kuma a buɗe, waɗannan launuka suna yi mata aiki, domin fuskarta ta fi duk abin da ke kewaye da ita haske, ko me ta sa ido zai fara sauka a kanta. Mu kuwa fatarmu da ganyen kaka dangin launi ɗaya ne. In kika tsaya gaban itace mai ruwan goro, kika sa riga ruwan ƙasa da mayafi ruwan makuba, komai a hoton ya zama jinsi guda, sai mai kallo ya nemi fuskarki kafin ya same ta.

Hasken yamma kuma yana ƙara wa abin ƙarfi. Masu hoto muna son awar ƙarshe kafin faɗuwar rana saboda hasken ya yi laushi, ba ya sa mutum runtse ido, ba ya zana baƙar inuwa a ƙarƙashin hanci. Amma rana idan ta yi ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai yawa kafin ya iso, shuɗin da ke cikinsa ya watse a hanya, abin da ya rage ya karkata zuwa rawaya da ja. Wannan haske yana yi wa baƙar fata kyau matuƙa, sai ki ga tana wani sheƙi mai taushi. Shi ne kuma yake ƙara rina duk wani kaya mai ruwan goro har ya narke cikin ganye. A ƙarshen Oktoba rana na faɗuwa a New York wajen ƙarfe shida, don haka aikinku zai kama tsakanin biyar saura da shida. La'asar ta riga ta shiga tun kafin huɗu, sai ku yi ta a gida, ku san kuma magariba a can za ta same ku ko a hanya. In wani abu ya sa aka ɗaga ranar ta wuce Lahadin farko ta Nuwamba, an mayar da agogo baya ke nan, rana za ta faɗi tun biyar saura, komai sai ya matso da awa guda.

Ki fara da mayafi

A gidajenmu uwa ce ke zaɓa wa kowa kaya, ta yi wa yara wanka, ta shirya su, ta nemo hular maigida, sannan a ƙarshe ta zari abin da ya samu. A wannan karon ki juya abin. Naki za a fara zaɓa, na kowa ya biyo baya, domin kayan mace sun fi na kowa wuyar dacewa, kuma in ke ba ki gamsu da yadda kika fito ba, hoton ba zai taɓa hawa bango ba komai kyan da yara suka yi. Na ga haka ba adadi.

A cikin naki ɗin ma, abin da ke zagaye da fuska shi ne kan gaba. Mayafi ko ɗankwali shi ne yake taɓa kumatu da goshi da haɓa, kuma launinsa yana komawa kan fata. Mayafi mai kore shar ko ruwan hoda mai ƙarfi zai zuba miki launinsa a ƙarƙashin haɓa da gefen fuska, cire shi kuwa a kwamfuta ba tare da an ɓata kalar fata ba aiki ne ja. Fari tas yana da tasa matsalar. Kyamara ba ta iya riƙe abu mai tsananin haske da abu mai duhu a lokaci guda yadda ido ke yi. In mai hoto ya buɗe haske don fuskarki ta fito, farin mayafin ya ƙone, ninkinsa da adonsa su ɓace. In ya rage don ya ceci mayafin, fuskarki ta dushe. Baƙi ƙirin kuma, da yamma a ƙarƙashin itatuwa, yakan haɗe da inuwa, musamman in ke mai duhun fata ce, sai iyakar fuska da mayafi ta ɓace.

Launukan da na fi ganin suna fitar da mu a cikin ganyen kaka su ne waɗanda ke ɗaya gefen: shuɗi mai duhu irin na rinin baba, shuɗin da ya karkata zuwa kore, kore mai duhu irin na kwalba, ruwan hanta mai zurfi, da shanshanbale. Dalilin mai sauƙi ne, shuɗi kishiyar ruwan goro ne a wajen ido, kowanne yana ƙara fito da ɗan'uwansa. Mace cikin shuɗin baba a gaban itace mai ja da rawaya, ko daga nesa ba ta ɓacewa. In kuma mai haske kike so kusa da fuska, ki nemi ruwan madara, ruwan toka mai haske, ko ruwan hoda da ya ɗan dusashe, su ne ke haska fuska ba tare da sun ƙone ba. Ban hana ruwan ɗorawa gaba ɗaya ba. A kan mace baƙa sosai yana da kyau ƙwarai, amma sai in bayanta ba rawaya ba ne. A Van Cortlandt akwai tsohon gidan dutse da aka gina a 1748, wanda shi ne gini mafi daɗewa a Bronx, bangonsa ruwan toka ne, akwai kuma bakin tafki. A irin waɗannan wurare kusan kowane launi yana tafiya. Ki tambayi mai hotonku ta wane ɓangare zai kai ku, filin babba ne, ya haura eka dubu.

Sai yadin mayafin. Kaka lokacin iska ne, kuma shifon mara nauyi ba ya zama wuri ɗaya. Hannunki ɗaya na riƙe da yaro, ɗayan na gyaran mayafi, rabin hotunan za su fito kina kai hannu ka. Ki zaɓi mai ɗan nauyi wanda ke kwanciya, ki sa hular ciki, ki kafe shi da fil a inda yaro ba zai kai hannu ba. Ɗan wata goma ba abin da yake so irin jan mayafi da ɗan kunne. In ɗankwali za ki ɗaura ki yafa gyale a kafaɗa, ki guji ɗaurin da ake turowa gaban goshi har ya yi rumfa, yana jefa inuwa a ido. Gwaggwaro mai tsayi kuma yakan rufe haɓar maigida in ya tsaya a bayanki, sai a yi ta matsa nan, koma can, yara su gaji.

Wace atamfa, wane ɗinki

Tunda mayafin zai zama launi ɗaya ba zane, atamfar ce za ta ɗauki ado. Ki buɗe akwati ki nemi wadda ƙasanta ke da natsuwa, launukanta ba su wuce biyu ko uku ba, zanenta kuma matsakaici ne ko babba. Mai ƙananan layuka ko ɗige-ɗige a cushe takan yi wani irin rawa a kyamara, ki ga wasu igiyoyin launi sun bayyana a rigar waɗanda babu su a zahiri, kuma abin ya fi muni in an ƙanƙanta hoton a waya. Wadda aka zuba wa ruwan gwal mai ƙyalli kuma tana kama rana ta mayar da ita fari-fari a ƙirji da hannu. Ba sai Holan ko sufa ba. Kyamara ba ta karanta bakin zani, launi da zaman ɗinki kawai take gani. In sabuwa ce fil mai sitaci, a wanke ta sau ɗaya kafin a ɗinka ko kafin ranar, don ta saki jiki ta bi naki.

Ɗinkin da nake ba masu goyo shawara shi ne doguwar riga wadda ta ɗan kama daga kafaɗa zuwa ƙarƙashin ƙirji, sannan ta buɗe zuwa ƙasa. Tana ba jiki siffa ba tare da ta matse ciki ba, kuma tana barinki ki yi abin da za a sa ki yi. Mai hoton iyali ba zai tsayar da ku a layi ya ce kowa ya kalle shi kawai ba. Zai ce ku zauna a bargo, ku taka kuna riƙe da hannun juna, ki ɗaga yaro sama, ki durƙusa kusa da 'yarki. Siket mai matse gwiwa ba ya barin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Riga da zani suna da kwarjini, kuma na san irin shigar da iyayenmu suka fi so ke nan, amma zama a ƙasa da tashi da yaro a hannu yana kwance zani, sai in kin sa an yi masa igiya ko an ɗinke shi kamar siket mai faɗi. Tunda kina shayarwa, ki ce tela ya sa zif a gaba ko a gefen ƙirji ya ɓoye shi cikin ɗinki. Yaron da ya ji yunwa ana tsakiyar aiki, minti biyar a mota ya ishe ku in rigar ta ba da hanya.

Tsawon rigar ya tsaya a idon sawu ko saman takalmi. Ƙasan itatuwa a wannan lokaci da damshi take, ganyen da ya zube yana riƙe ruwa, rigar da ke jan ƙasa kafin a kai wuri na biyu bakinta ya jiƙe ya yi duhu.

Sauran zaɓin ma ba haramun ba ne, kowanne dai da abin da zai ci miki. Lafaya na daga cikin abin da ya fi kyau a iska, yadda take tashi tana sauka, kuma tana rufe duk inda mace ba ta so a gani. Matsalarta tana son hannu ɗaya a sake kullum, ke kuwa ba ki da shi, ga ta shara-shara. In kin iya naɗa ta tun kina yarinya, ki sa, in kuwa ta biki-biki ce a wajenki, ba ranar koyo ba ce. Leshi mai duwatsu nauyi gare shi, iska na shiga ta hudojinsa, duwatsun kuma suna kartar kumatun yaron da ke kwance a ƙirjinki, ga shi a cikin daji yakan yi kama da an biyo ta nan ne daga wajen walima. Abaya baƙa tana zama dunƙulen duhu a hoto, aikin da ke jikinta bai cika fitowa ba, amma abaya mai launi, ko buɗaɗɗiya a kan doguwar riga, tana yin kyau kuma tana ƙara ɗumi. Ita kuma shigar da abokiyar aikinki ta ce, doguwar rigar saƙa da kwat da but, ba abin da ya same ta in dama haka kike shiga. Amma kin ce wa Hajiya za ki aika, kuma ranki na kan atamfa. Mace in ta sa kayan da ba ta saba da su ba, kafaɗarta ce ke fara tona ta, sai ki ga ta ɗage ta ƙi sauka har a gama.

Maganar farar shadda

Na fahimci maigida. Farar shadda da aka buga ta sha guga, ba abin da ya kai ta cika ido ranar Idi ko Juma'a. Amma abubuwa biyu da suka sa take da kyau a ido, fari da sheƙi, su ne kyamara ta fi shan wuya da su. Mutum biyar cikin fari mai ƙyalli, fuskoki biyar masu duhu, a ƙarƙashin rana mai faɗuwa: ko shaddar ta ƙone surfanin wuya ya ɓace, ko fuskoki su dushe. Ƙwararre zai iya lallaɓawa, amma kun ɗaure masa hannu tun kafin ya fara. Ki ƙara da ɗan shekara shida da za a ce ya zauna a kan jiƙaƙƙen ganye da farin wando.

Shi kansa ankon, ko da na atamfa ne, ban cika son sa a hoton iyali ba. A biki yana da ma'ana, yana nuna waɗanne ne dangin amarya a cikin taro. A nan kuwa ba taro, ku kaɗai ne, kuma za a manna ku da juna. In duka zane ɗaya kuka sa, ba a gane inda hannunki ya ƙare da inda bayan yaro ya fara, sai hoton ya zama kamar labule guda da kawuna biyar suka leƙo ta cikinsa.

Hanyar da za ki bi da maigida ita ce ki bar masa shaddarsa ki canza launi kawai. A ce atamfarki shuɗi ce mai duhu da zanen ruwan madara da ɗan ruwan goro. Shi sai ya sa kaftani ruwan madara ko ruwan toka, wanda aka taɓa wankewa sheƙin ya ragu, da hula mai ɗan shuɗi a zanenta. Ɗan shekara shidan ya sa shuɗi mara zane. Turmi yadi shida ne, in doguwar riga kika yi da ɗankwali za a samu ragowa, sai a yi wa babbar siket ko ɗan ɗankwali da shi, ta sa riga mai launi ɗaya a sama. Na goye ya sa ruwan madara, don a jikinki zai kasance, ana so ya fita daga zanen rigarki. Ga haɗin kan da maigida ke nema ya samu, kowa kuma ana ganinsa. Abin da za ki tsare a kayan yara shi ne rubutu da hoton katun a ƙirji, da takalmin nan mai kunna wuta. Ido yana zuwa kan rubutu kafin ya je kan fuska.

Jiki, sanyi da ƙananan abubuwa

Kar ki ɗinka da awon da, kar kuma ki ɗinka da awon da kike fatan komawa. A auna ki yau. Rigar da ta matse tana yin layi-layi a ƙirji da hammata, kuma ita ce ke nuna abin da ake son ɓoyewa. Wadda ta yi yawa kuma, irin bubun da ba kafaɗa, tana ƙara wa mace faɗi a hoto fiye da yadda take. In daga gida za a ɗinko a aiko, ki ba da lokaci isasshe, ki ce a bar sarari a cikin ɗinki, don kusan kullum sai an taɓa wani wuri in kaya sun iso. In lokaci ya ƙure, telolin Afirka ta Yamma suna nan a Bronx da kuma titi na 116 a Harlem, sun san atamfa sun san jikinmu. Ni dai ba tela ba ce, yadda za a yanka da inda za a tsuke su za su gaya miki, abin da na sani shi ne yadda yake fitowa.

Atamfa auduga ce mara kauri, an yi ta ne don zafi. A ƙarshen Oktoba zafin rana a New York yakan tsaya wajen digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, kusan 60 ke nan a Farenhait, da rana ta sunkuya kuma sai ya faɗi da sauri, ga iska daga tafki. Sanyi yana fitowa a hoto: wuya ya shige, murmushi ya bushe, hancin yara ya fara zuba. Maganinsa daga ciki yake. Ki sa rigar ɗumi mara kauri mai kama jiki, irin Heattech na Uniqlo ko makamanciyarta, mai faɗin wuya don kar ta leƙo, da dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin riga. Ki je wajen tela da su a jikinki ranar gwaji. Yara ma haka, a ƙarƙashin kaftani da riga. Manyan rigunan sanyi kuwa a zo da su a jaka, ana sawa ana cirewa tsakanin wuri da wuri.

Takalmi mai tsini yana nutsewa a ƙasa mai laushi, silifas kuma sanyi. A nan shawarar abokiyar aikinki ta yi rana: but mai faffaɗan dunduniya, baƙi ko ruwan ƙasa, yana shiga ƙarƙashin doguwar riga lafiya lau, bakinsa kawai za a gani.

Hannuwanki za su fito fiye da yadda kike zato, tunda su ne a kan bayan yaro da kafaɗar 'yarki. In za ki yi jan lalle, ki yi shi kwana biyu kafin ranar don ya gama kamawa. Iskar kaka tana busar da fata ta yi furu-furu, ki shafa wa kowa man kaɗanya a hannu da ƙafa da gwiwar hannu, ki riƙe ɗan kaɗan a jaka, amma a fuska a yi sama-sama don kar ta yi maiƙo. Hoda ta zama daidai da kalarki. Tunda wuyanki a rufe yake, da bayan hannu za a gwada fuskarki, in ta fi shi haske sosai kowa zai lura. In ke ko maigida kuna sa tabarau mai yin duhu da kansa a rana, ku zo da wani, in ba haka ba duk hotunan za su fito ba idanu. Sarƙa kuma ƙarama ta isa, ko ma a bar ta, yaro zai cafke.

Abin da ba zan iya yanke miki daga nan ba

Ban ga kalar fatarki ba, ban ga atamfofin akwatinki ba, launin da ya karɓi wata kuma ba lalle ya karɓe ki ba. Gani ya kori ji, don haka mako guda kafin ranar ki ɗauko mayafai biyu ko uku da kike tunani, ki fita waje wajen ƙarfe biyar, ki tsaya gaban duk itacen da ya canza launi a layinku, babbar 'yarki ta ɗauke ki da waya. Sannan ki mayar da hotunan baƙi da fari. In fuska da mayafi da ganye duk sun zama toka iri ɗaya, wannan mayafin ya faɗi. A gida kuma ki sa cikakkiyar shigar, ki zauna a ƙasa, ki tashi da yaro a hannu, ki ɗaga shi sama, ki ga inda ya ja da inda ya buɗe.

Yanayi ma ba a hannun kowa yake ba. Ruwa da iska na dare ɗaya suna iya kakkaɓe itacen da jiya yake cike. Wannan ma wani dalili ne na zaɓen shuɗi ko kore mai duhu, domin ko bayanku ya zama rassa tsirara da sama mai toka, shigar tana tsayawa da kanta. Ki tambayi mai hoton tun yanzu wace rana za a koma in an yi ruwa.

Sai shi mai hoton kansa. Ki ce ya nuna miki aikin da ya yi wa iyalai baƙaƙe, a waje, da yamma. Wasu suna da salon gyara guda da suke shafa wa kowane hoto, mai ƙara ja da ruwan ƙasa don kaka ta ƙara fitowa, a kan fatarmu kuwa yakan mayar da mutum ruwan lemo, ya kashe koren atamfa ya zama ruwan ƙasa. In kin ga haka a aikinsa, ki gaya masa kina son kalar fata da ta kaya yadda suke. Ki karanta takardar yarjejeniya kuma, da yawa a cikinta akwai layin da ke ba mai hoto damar sa hotonku a Instagram ko shafinsa na talla. In ba ku so, ku ce a cire kafin ku sa hannu, ba wani abu ba ne, ana yi. Haka nan ki yanke tun a gida yadda kike son mayafinki ya zauna a hoton da zai shiga falon Hajiya inda baƙi ke shiga, ki faɗa masa tun farko, don in ya zame ya tsaya ki gyara kafin ya ci gaba.